Amanar Mamaci: Nauyin da ke Kan Wasiyyi da Iyakar Ikonsa

Shirin faɗakarwa na yau ya shafi mutumin da mamaci ya damƙa wa amanar dukiyarsa tun yana raye, wato wasiyyi, tare da ayyukan da doka ta ɗora masa da iyakar ikon da ta ba shi, kamar yadda al'amarin yake a jihohin Arewacin Nijeriya, inda fiƙihun Malikiyya da dokokin da aka gada daga Ingila suke aiki a lokaci guda. Abin da shirin yake son tabbatarwa a zukatan masu sauraro shi ne cewa wasiyyi amintacce ne da aka ba riƙo, bai mallaki ko ƙwayar zarra daga abin da yake riƙe da shi ba, kuma duk wani iko da shari'a ta ba shi ta ba shi ne domin ya isar da haƙƙi ga masu shi.

Wasiyyi shi ne wanda mutum ya ayyana a cikin wasiyyarsa domin ya tsaya a madadinsa bayan rasuwa, ya tattara tarika, wato duk abin da mamacin ya bari na kuɗi da gidaje da gonaki da dabbobi da basussukan da yake bin mutane, ya biya abin da ake bin sa, ya zartar da wasiyya, sannan ya kula da rabon ƙananan 'ya'ya har su kai munzalin riƙe dukiyarsu. Littattafan da alƙalan Arewa suke komawa gare su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Shaihu Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi bayanin wannan matsayi, kuma sharuɗɗan da mazhabar ta gindaya su ne wasiyyi ya zama Musulmi, baligi mai hankali, adali, kuma mai iya gudanar da aikin. Namiji da mace duka suna iya riƙe wannan amana, har makaho ma yana iyawa, don haka babu abin da zai hana magidanci ya naɗa matarsa ko 'yar'uwarsa idan ya san ita ce ta fi tsoron Allah da sanin dukiyarsa. A asalin ƙa'idar mazhabar, ikon sarrafa dukiyar yaro yana hannun uba ne, sannan wasiyyin uba, sannan alƙali ko wanda alƙali ya naɗa, wanda hakan yake nufin cewa zama baffa ko babban wa ba ya bai wa mutum wannan iko kai tsaye, ko da kuwa shi ne babba a gidan.

Karɓar wannan nauyi ba dole ba ne, amma wanda ya karɓa ba ya ajiye shi yadda ya ga dama. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda aka naɗa yana da damar janyewa matuƙar mai wasiyyar yana raye, domin har yanzu akwai sararin neman wani, amma idan ya amsa kuma mai wasiyyar ya rasu, to ba shi da damar zare hannunsa sai da uzurin da alƙali ya gamsu da shi. Idan mutum biyu aka naɗa ba tare da an raba musu aiki ba, ana ɗaukar cewa tare za su yi komai, ɗayansu ba zai sayar ko ya saya shi kaɗai ba, kuma ba za su kasa dukiyar biyu kowa ya riƙe rabi ba, idan kuwa suka yi haka wani abu ya salwanta, su ne za su biya. Idan suka sami saɓani ko ɗayansu ya rasu, al'amarin yana komawa gaban alƙali, haka nan idan fasiƙanci ko ha'inci ya bayyana ga wasiyyi, alƙali yana da ikon tuɓe shi ya naɗa wani.

Dokokin ƙasa kuma suna da tasu hanyar, wadda ya kamata kowane wasiyyi ya sani. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin Nijeriya na shekarar 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron batutuwan waƙafi da kyauta da wasiyya da gado idan mamacin Musulmi ne, yayin da Babbar Kotun Jiha take da ofishi na musamman mai bayar da takardar tabbatar da wasiyya ga wasiyyi, ko takardar izinin kula da dukiya ga wanda kotu ta naɗa idan mamacin bai bar wasiyya ba. Bambancin waɗannan mutane biyu yana da muhimmanci, domin ikon wasiyyi yana fitowa ne daga wasiyyar kanta tun daga ranar rasuwa, takardar kotu shaida ce kawai a kansa, shi kuwa wanda kotu ta naɗa ba shi da iko sai daga ranar da aka ba shi takarda. Dokar Wasiyya ta Ingila ta shekarar 1837, wadda ta shigo Nijeriya a cikin jerin dokokin da suke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, ta buƙaci wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci guda. A shekarar 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya a ƙarƙashin waccan doka yana iya raba dukiyarsa yadda ya so, amma daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya da suka kiyaye hukuncin Musulunci, har ta kai a shekarar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ajibaiye da Ajibaiye, ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi a Jihar Kwara saboda ta saɓa wa shari'ar Musulunci. Saboda haka wajibi ne wasiyyi ya nemi shawarar alƙali ko lauya game da dokar jiharsa kafin ya taɓa komai.

Aikin farko da ke gaban wasiyyi bayan an yi jana'iza shi ne tsare dukiya da ƙididdige ta, domin a kwanakin zaman makoki ne, lokacin da gida ya cika da jama'a kuma hankalin iyali ya tashi, takardun filaye da makullan shaguna da kayan ɗaki suka fi ɓacewa. Ya kamata ya tara manyan magada da shaidu adalai, a buɗe akwatuna da rumbuna da shaguna a gabansu, a rubuta komai dalla-dalla, kowa ya sa hannu. A wannan mataki ne kuma ake ware abin da ba na mamacin ba ne, kamar ajiyar da mutane suka ba shi, da jarin abokan kasuwancinsa, da kayan ɗakin matansa da dabbobinsu, domin dukiyar mace tata ce, ba ta shiga cikin tarikar miji don kawai tana cikin gidansa. Haka nan idan wani ya zo da da'awar cewa mamacin ya yi masa kyautar gida ko gona, dole ne a bincika ko ya karɓi abin a hannunsa tun mai kyautar yana da lafiya, saboda a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta ɓaci, wadda aka yi a cikin ciwon ajali kuwa hukuncinta hukuncin wasiyya ne.

Kuɗin da ke banki da haƙƙoƙin ma'aikaci suna da nasu tsarin. Mutane da yawa suna zaton cewa ɗan'uwan da mamaci ya rubuta sunansa a takardar banki ko ta wurin aiki a matsayin makusancinsa shi ne mai kuɗin, alhali wannan suna ba ya mayar da mutum magaji, kuma ba ya hana sauran magada rabonsu. Dokar Gyaran Fansho ta shekarar 2014 ta tanadi cewa kamfanin da ke kula da asusun fanshon ma'aikacin da ya rasu zai saki kuɗin ne bayan an gabatar da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya, kuma dokar ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsu na shekara ba. Bin sawun irin waɗannan haƙƙoƙi yana cikin aikin wasiyyi, domin sakaci da su asara ce ga marayu, kamar yadda karɓo basussukan da mamacin yake bin mutane yake cikin aikinsa, kuma yana da ikon ɗaga wa wanda ake bi ƙafa idan hakan shi ne maslahar magada, amma ba shi da ikon yafe bashin da ba nasa ba.

Masu sauraro suna tare da shirin faɗakarwa a kan nauyin wasiyyi, kuma yanzu shirin ya iso ga ginshiƙin al'amarin, wato jerin haƙƙoƙin da suke rataye a kan tarika, waɗanda malamai suka kasa gida biyar, kowane yana jiran na gabansa ya kammala. Na farko shi ne haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar gonar da mamaci ya bayar jingina, wadda wanda aka ba jinginar ya fi kowa cancantar a biya shi daga kuɗinta. Na biyu shi ne kuɗin jana'iza, wato wanka da likkafani da haƙa kabari, gwargwadon al'ada ba tare da almubazzaranci ba. Na uku shi ne sauran basussuka. Na huɗu shi ne wasiyya, wadda ake fitarwa daga sulusin abin da ya rage, wato kashi ɗaya cikin uku. Na biyar, kuma na ƙarshe, shi ne gado. Wasiyyin da ya tsallake wannan jeri, ya raba wa magada dukiya alhali ya san akwai bashi, ya ɗauki alhakin masu bin bashin a wuyansa, kuma dokar da aka gada daga Ingila ma ta yi daidai da wannan, domin tana tilasta wa wanda ya ɓarnatar da tarika ya biya daga aljihunsa.

Batun bashi yana buƙatar natsuwa ta musamman, domin Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba kasafai mutum yake rasuwa ba tare da ana bin sa ko yana bi ba. Sanarwar da aka saba yi a wurin jana'iza, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, farkon aiki ce kawai, don haka ya kamata wasiyyi ya faɗaɗa ta zuwa kasuwar mamacin da wurin aikinsa da garuruwan da yake hulɗa da su, ya kuma bayar da isasshen lokaci. A Malikiyya, bashin da aka yanka wa lokaci yana zama abin biya nan take da zarar wanda ake bi ya rasu, kuma ragowar sadakin da miji bai cika wa matarsa ba bashi ne da ake biyan ta kafin a zo kan rabonta na gado. Ba kuma duk wanda ya zo da baki ake biya ba, domin mamaci ba ya nan balle ya kare kansa, shi ya sa alƙalai suke neman hujja daga mai da'awa, sannan su ƙara masa da rantsuwa cewa bai karɓi kuɗinsa ba, bai kuma yafe ba. Idan bashi ya cinye tarika gaba ɗaya, ana raba abin da ya samu ga masu bi gwargwadon kason kowa, wasiyya ta faɗi, magada kuma ba su da komai, amma ba a tilasta musu biyan ragowar daga dukiyarsu.

Game da wasiyya kuwa, iyakoki biyu ne wasiyyi ba zai ƙetare ba. Na ɗaya, ba ta wuce sulusi, kamar yadda ya tabbata a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, wanda ya nemi yin wasiyya da mafi yawan dukiyarsa amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi. Na biyu, ba a yin ta ga magaji. Abin da ya saɓa wa waɗannan iyakoki ba ya zartuwa sai da yardar sauran magada baligai masu hankali, kuma babu wanda zai yarda a madadin maraya. Misali zai ƙara haskaka wannan. A ƙaddara mutum ya bar dukiya ta naira miliyan 12, aka kashe naira 200,000 a jana'iza, aka biya bashin naira 2,800,000, sai miliyan 9 ta rage. Idan ya yi wasiyya da miliyan 4 domin ginin masallaci, miliyan 3 kaɗai wasiyyi zai fitar, domin ita ce sulusi. Idan magadansa mata ɗaya ce da ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya, to daga miliyan 6 da ta rage matar za ta karɓi tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira 750,000, ɗan ya karɓi naira 3,500,000, 'yar kuma ta karɓi naira 1,750,000. Aya ta 181 ta Suratul Baƙara ta ɗora zunubin canza wasiyya a kan wanda ya canza ta bayan ya ji ta, kuma wasiyyi ne mutumin da wannan gargaɗi ya fi shafa.

Kafin a zauna rabo, akwai haƙƙoƙin da gaggawa take yawan tauyewa. Idan mamaci ya bar mace da ciki, Malikiyya ta tsayar da rabon har sai ta haihu, domin ba a san yawan magada da jinsinsu ba tukuna. Matar da take takaba, wata huɗu da kwana goma ko zuwa haihuwa, tana da haƙƙin zama a gidan da mijinta ya mallaka ko ya riga ya biya hayarsa, kuma bai halatta a fitar da ita ba da sunan za a raba gida. Magajin da ba ya nan, kamar wanda ya tafi ci-rani ko karatu a wata ƙasa, ba a yanke masa kaso a bayan idonsa sai ta hannun alƙali, kuma wasiyyi ba ya sayar da tarika ba tare da halartar manyan magada ba. Haka nan abincin da ake dafawa a sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba ya cikin kuɗin jana'iza, don haka duk babban da yake son yin sadaka ga mahaifinsa sai ya yi daga nasa rabon, ba daga na ƙannensa marayu ba.

Riƙon dukiyar maraya shi ne ɓangaren da ya fi tsawo da nauyi, domin yana iya ɗaukar shekaru masu yawa. Shari'a ta bai wa wasiyyi ikon ciyar da yaro da tufatar da shi da ɗaukar nauyin karatunsa da lafiyarsa daga dukiyarsa gwargwadon abin da aka saba, da yi masa hidimar kaciya da ta salla da ta aure, da fitar masa da zakkar dukiya da zakkar fidda-kai. Tana kuma ba shi damar bayar da kuɗin ga amintaccen ɗan kasuwa bisa ƙiradi, wato yarjejeniyar da wani yake kawo jari wani kuma ya juya shi su raba riba, domin kada ciyarwa da zakka su cinye dukiyar. Amma malamai sun ƙi ya juya kuɗin da kansa, sun kuma ƙi ya sayi wani abu daga tarika, saboda mai saye da mai sayarwa ba sa haɗuwa a mutum ɗaya ba tare da zargi ba, kuma idan ya saya alƙali yana da ikon bincika cinikin ya rushe shi. Gida ko gonar maraya ba a sayar da su sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ciyar da shi, ko samun farashin da ya zarce na kasuwa sosai, ko tsoron rushewar gini alhali babu kuɗin gyara, sannan idan filin yana da takardar mallaka ta gwamna, Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978 ta buƙaci amincewar gwamna kafin a sauya mai shi.

Dangane da lada, aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarci mawadacin mai riƙo da ya kame, ta kuma yi wa matalauci izinin cin abin da ya dace da wahalarsa, kuma hanyar da ta fi kuɓutar da mutum ita ce ya bar alƙali ya yanka masa. A ƙa'idar da aka gada daga Ingila ma, wasiyyi ba shi da lada sai idan wasiyyar ta tanada ko kotu ta amince, ko da yake ana mayar masa da abin da ya kashe wajen gudanar da aikin. Ayar nan ta 6 ita ce kuma ta yi umarni da a jarraba marayu, idan aka ga sun kai rushdi, wato iya tattalin dukiya bayan balaga, a miƙa musu abinsu a gaban shaidu. A kan wannan ne Malikiyya ta gina hukuncin cewa ana karɓar maganar wasiyyi game da yawan abin da ya ciyar idan ya yi kama da gaskiya, amma ba a karɓar da'awarsa cewa ya miƙa dukiya sai da shaidu. Littafin lissafi da rasiɗai da sa hannun shaidu su ne garkuwar wasiyyi mai gaskiya, su ne kuma hujjar maraya a kan wanda ya ci amanarsa.

Wanda ya ci dukiyar da aka ba shi riƙo yana fuskantar hukunci ta fuskoki uku. Magada suna iya kai shi kotu a tuɓe shi a kuma tilasta masa biya. Hukuma tana iya gurfanar da shi da laifin cin amana, wanda sashe na 311 na Kundin Dokokin Laifuka na Arewa, da ya fara aiki a shekarar 1960, ya bayyana. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i kuma ta yi alkawarin wuta ga masu cin dukiyar marayu da zalunci. Haka nan wanda ya tsoma hannu a cikin tarika ba tare da mamaci ko kotu sun naɗa shi ba, doka tana ɗora masa alhakin duk abin da ya taɓa, ba tare da ta ba shi ikon wasiyyi ba.

Kiran da shirin yake yi a ƙarshe ya shafi ɓangarori uku. Magidanta su rubuta wasiyya tun suna da lafiya, su bayyana abin da ake bin su da abin da suke bi, su kafa shaidu, su kuma nemi yardar wanda za su naɗa kafin su rubuta sunansa. Waɗanda aka naɗa su auna ƙarfinsu kafin su amsa, idan sun amsa kuma su bi jerin haƙƙoƙin nan biyar, su rubuta komai, kada kuma su bari tarika ta shekara da shekaru ba a raba ba har magada su fara rasuwa lissafi ya rikice. Magada, musamman mata da marayun da suka girma, su sani cewa neman a nuna musu lissafi haƙƙinsu ne, ba rashin kunya ba ne, kuma ƙofar kotu a buɗe take gare su. A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Allah ya jiƙan magabata, ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta.